Kilo 14 da na ɗora wa kaska

Ranar da zobe ya ƙi fita daga yatsana, sai da maigida ya haɗa da sabulu da zare, a ranar na yarda cewa wannan ba ƙibar hutu ba ce. Wata takwas ke nan da na gama shan maganin cutar Lyme, wadda cizon kaska ke kawowa, kuma na tashi daga kilo 68 zuwa 82.

A jihar Pennsylvania ta Amurka muke zaune, bayan gidanmu kurmi ne, bareyi har bakin shinge suke zuwa. Ni da na tashi ina ganin kaska ƙatuwa maƙale a kunnen shanu, ban taɓa zaton akwai wadda ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Ban ga cizon ba. Jan tabon nan mai zagaye da ake cewa a duba ma ban gane shi ba, don a baƙar fata kamar wurin da aka buge yake fitowa. Sai da gwiwata ta kumbura har na koma sallah a kan kujera aka yi gwajin jini. Na sha doxycycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kwana 28, kumburin ya saɓe. Gajiya da ciwon jiki da rashin barci kuwa suka zauna daram. Likitata ta ce wasu kan yi fama da haka wata shida ko fiye bayan magani, ta rubuta mini amitriptyline in riƙa sha da dare saboda zugin ƙafa.

Sai jiki ya fara buɗewa. Duk ranar da muka yi waya ta bidiyo da Hajiyarmu sai ta ce, "Masha Allah, 'yar nan, ƙasar ta karɓe ki." In ce mata alhamdu lillahi, in ajiye waya in yi kuka, don a lokacin hawa bene ma sai na huta a tsakiya.

Da na kai wa likita ƙorafi karon farko, ta ce in rage ci in ƙara motsi. Raina ya ɓaci, na daina zuwa wurinta. Wannan fushin shi ya ja mini komai. Na koma zaurukan masu cutar a Facebook, inda kowace alama amsarta ɗaya ce: ƙwayar cutar ce ta ɓuya a jiki. Na yarda ɗari bisa ɗari. Daga nan aka nuna mini wani asibitin kuɗi da ba ya karɓar inshora, tafiyar awa uku a mota. Wata biyar ina haɗiyar magungunan kashe ƙwayoyin cuta da kwalaben ƙarin sinadarai, kusan dala 4,000, kuɗin da muke tarawa don kai Hajiya Umara. Abin da na samu shi ne gudawa da ƙwannafi. Daga baya na gane cewa gwaje-gwajen da aka yi a kan tsawaita irin wannan magani na watanni ba su nuna wani amfani mai ɗorewa ba, illarsa kuwa sananniya ce.

A gefe guda ina horar da kaina da yunwa. Na bar tuwo, na bar shinkafa, na kama azumin Litinin da Alhamis, Allah ya yafe mini, niyyar ba ta ibada zalla ba ce. Amma da dare bakina kan bushe ƙamas, in tashi in sha lemon kwali, in ci dabino, in ƙara da shayi mai sukari. Ban taɓa lissafa wannan a cikin ci ba.

Ciwon cikin ne ya mayar da ni wurin likitar da na yi wa yaji. Wannan karon ta zauna ta yi tambayoyi. Kina jin sanyi fiye da kowa a gida? Gashi na zuba? Fata na bushewa? Duk na ce e, kuma duk na riga na ɗora su a kan kaska. Ta sa aka yi gwajin TSH, gwajin jini guda ɗaya wanda inshora ta biya. Ashe tayrod ɗina, halittar nan ta gaban wuya da idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ta yi sanyi. Cutar Hashimoto ce, ciwo ne daban mai zaman kansa. Ta fito fili ta ce mini tayrod kilo kaɗan kawai take ƙarawa, yawanci ruwa da gishiri. Sauran kuwa na rashin motsi ne, da amitriptyline, wanda aka san yana busar da baki yana kuma buɗe ci, musamman kwaɗayin zaƙi. A jikin takardar maganin ma an rubuta, ban karanta ba.

Gwaji guda, bayan dala 4,000! Har yau idan na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Yanzu ina shan levothyroxine, maganin tayrod, da asuba kafin komai ya shiga cikina, ana sake gwaji bayan mako shida zuwa takwas idan an canza yawan maganin. Amitriptyline kuma a hankali aka janye mini shi, don ba a yanke shi rana ɗaya, kada kowa ya yi wannan da kansa. Duk mai irin halina, ki samu littafi ki rubuta ranar da kika fara kowane magani da nauyinki na wannan makon. Da na yi haka, da tun wata na biyu na ga inda layin ya fara hawa. Idan kuma likita ta faɗi maganar da ta ɓata miki rai, ki koma ki ce a duba miki tayrod da sukari, ko ki nemi wata likitar, amma kada ki zauna a gida da fushi kamar yadda na yi.

Na fara da tafiyar minti goma bayan la'asar, wando a cikin safa, in dawo in duba jikina kaf. Ina kilo 76 yanzu, gajiyar ta ragu amma ba ta tafi ba. Na dawo sujada a ƙasa. Asusun Umarar Hajiya mun sake shi daga farko, kuma har yanzu ban iya gaya mata inda na farkon ya tafi ba.