Godiya bayan dawowar ayarinmu daga Daura, Damagaram da Katsina

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, ayarinmu ya sauka Kano lafiya, manya da yara, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. A madadin kwamitin tafiya nake wannan rubutu, saboda akwai bayin Allah da suka yi mana hidima a hanya, ba mu karɓi lambarsu ba, wasu ko sunansu ba mu tambaya ba. Duk wanda ya san su, don Allah ya isar mana.

Direbobinmu ne farko. Tafiyar ayari sai da haƙuri: na gaba ba ya ɓace wa na baya, in ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Baba da ya ja gaba tun daga Kazaure ya hana matasanmu gudu, suka yi ta ƙorafi, shi kuwa ko a jikinsa. Baba, Allah ya ƙara girma.

A Daura muna godiya ga dattijon da ya zagaya da mu rijiyar Kusugu. Yaranmu sun karanta labarin Bayajidda a makaranta, amma ji daga bakin mutumin garin daban ne: tsohuwa Ayana da ta sauki baƙo, macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera, da auren Daurama da ya kai ga Bawo da Hausa Bakwai. Wani ɗalibinmu na jami'a ya so ya ja da shi kan ko abin ya faru da gaske. Dattijon bai yi fushi ba, ya ce masana su yi ta muhawararsu, shi dai ga rijiya, ga guga, kowa ya sha. Muka sha. Ya kuma tuna mana abin da yawancinmu ba mu sani ba, cewa gidan sarautar Haɓe na Daura ya bar garin bayan jihadi, ya zauna a Zango, sai da Turawa suka zo aka maido da shi. Mun gode wa fadawan da suka bar mu muka ga ƙofar fada ba tare da tsangwama ba.

Ma'aikatan iyaka na Kongolam, da jandarmomi da 'yan duwan (kwastan) na ɓangaren Nijar, sun duba takardun motocinmu ɗaya bayan ɗaya, an ɗauki lokaci, amma cikin mutunci.

Babbar godiyar tana ga mutanen wani ƙauye tsakanin Matamaye da Takeita. Dab da magariba lagireton bas ɗin da ke ɗauke da mata da yara ya fashe, ga duhu na shigowa, ga wayoyinmu na Najeriya sun daina aiki. Kafin mu gama shawara maigari ya iso da mutanensa, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo ruwan alwala. Matan gari suka kwashi iyalanmu zuwa cikin gida, ba a jima ba sai ga fura da nono, bayan isha'i ga tuwon gero miyar kuka. Wani saurayi ya hau babur cikin dare ya koma Matamaye ya ɗauko makanike, suka kwana kan motar da fitilar hannu. Da safe muka haɗa 'yan sefa muka miƙa wa maigari, ya ɓata rai sosai, ya ce baƙonka annabinka, in mun nace to mu ba makanike haƙƙinsa kawai. Ranka ya daɗe, ba mu da abin biyanka. Hajiyoyin gidanka da suka bar wa jariranmu gidan sauronsu, Allah ya saka musu da gidan Aljanna.

Damagaram kuwa, da mun san haka take da mun ƙara mata kwana. Malamin makaranta mai ritaya da ya yi mana jagora ya fara ne da tsokanar da aka sani tsakanin Badamagare da Bakano, ya ce tun zamanin Sarkin Kano Alu ba a ga Kanawa da yawa haka sun zo da ƙafarsu ba. Daga nan ya shiga da mu unguwar Birni, lungu-lungu tsakanin manyan duwatsun nan, yana nuna mana gidajen ƙasa masu zane a fuska da zankwaye a sama. Ya ba mu labarin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye garin da ganuwa, ya tara igwa, ya mai da Damagaram zangon fataken da ke tsakanin Kano da Agadas har Tarabulus. Ya kai mu inda ake hango barikin Faransawa a kan tudu, ya faɗa mana yadda aka kashe kyaftin Kazamaju a 1898 zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga, Faransawa suka ci garin a 1899, ya zama babban birnin Nijar daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai. Ganuwar Tanimu saura kaɗan ta rage. Wani cikinmu ya fara sukar hukuma, na ce ya yi shiru, mu da muka zuba ido ana yanka badalar Kano ana gina shaguna ba mu da bakin magana. Gidajen Birni da ke tsaye ma, masu su ne ke yaɓe su bayan kowace damina da kuɗin aljihunsu. Su ma mun gode musu, musamman gidan da aka buɗe mana zaure da soro muka shiga da yara.

Ga mai masaukinmu a unguwar Zango: mun san ruwa yana da tsada a Damagaram, mun kuma ga jarkokin da ka saya saboda mu ba ka faɗa ba. Mun gani, Alhaji.

A dawowa mun biyo ta Daura zuwa Katsina, a gurguje. Mun gode wa masu kula da hasumiyar Gobarau, da ma'aikacin gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ya nuna wa yara azuzuwan da Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Durɓi ta Kusheyi, inda kushewun tsoffin sarakunan Katsina suke, ba mu samu zuwa ba, 'yan gari suka ce kada yamma ta yi mana a hanya, muka bi shawararsu.

Iyayen da suka amince suka ba mu 'ya'yansu, da waɗanda suka ba da gudummawar mai, da likitarmu da ta yi ta fama da masu amai a mota, Allah ya biya ku. Ma'aji zai kawo lissafin kuɗi a taro mai zuwa, kuma kwamiti ya yanke cewa abin da ya rage za a sayi buhunan shinkafa da gidajen sauro a kai ƙauyen nan kafin azumi. Mai son ƙarawa ya ga ma'aji. Akwai kuma darduma da takalmin yaro ƙafa ɗaya da aka bari a bas, suna wurina.