Yadda Nake Karanta Makin Fim Kafin In Yanke Shawarar Kallonsa

Kashi 90 cikin 100 a Rotten Tomatoes, 90 a Metacritic, da 9.0 a IMDb, wato shafukan intanet masu ba finafinai maki, a ido kamar magana ɗaya ce. A aikace kuwa kowace lamba amsar wata tambaya ce daban, kuma mutanen da suka ba da amsar ma daban suke. Shi ya sa idan ina jiran fitowar wani fim, ba na yarda da maki sai na san su wa suka ba da shi, yaushe suka bayar, kuma su nawa ne.

Rotten Tomatoes, wanda aka kafa a 1998, shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Kowane sharhi da ya shigo, a ɗayan gida biyu ake ajiye shi: ko ya yaba, ko ya kushe. Lambar da ke saman shafi kason waɗanda suka yaba ne kawai. Daga kashi 60 zuwa sama fim ya sami jan tumatir, ƙasa da haka kuma kore wanda ya fashe. Wato lambar ba ta auna ƙarfin yabon. A ce masu sharhi 100 sun kalli fim, kowannensu ya ce "ba laifi, ana iya kallo", to fim ɗin zai iya tashi da kashi 100. Wani fim ɗin kuma 70 sun ce ba su ga irinsa ba a duk shekarar, 30 sun tsane shi, sai ya tashi da 70. Wanda ya bi lamba zai zaɓi na farko, alhali sau da yawa na biyun ne ake tunawa bayan shekaru. Wannan tsari yana fifita fim mai kaffa-kaffa wanda bai ɓata wa kowa rai ba, yana kuma danne wanda ya yi ƙarfin halin gwada sabon abu.

Don haka nake haɗa shi da Metacritic, wanda ya fara aiki a 2001. Shi yana mayar da kowane sharhi zuwa maki tsakanin 0 da 100: taurari uku cikin huɗu su zama 75, sharhin da ba a sa masa maki ba kuma ma'aikatan shafin su karanta su ƙiyasta masa. Sannan a fitar da matsakaici, amma ana ba wasu jaridu da masu sharhi nauyi fiye da wasu, kuma ba a bayyana nauyin. A ɓangaren finafinai, daga 61 zuwa sama kore ne, 40 zuwa 60 ruwan ɗorawa, ƙasa da 40 ja. Masu sharhin da yake ɗauka ba su kai na Rotten Tomatoes yawa ba, samun 80 a wurinsa kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita nake fara dubawa. Idan na ga 95 a Rotten Tomatoes, 65 a Metacritic, na san fim ne da kowa ya amince da shi amma bai girgiza kowa ba. Idan duka biyun suna wajen 70, to akwai waɗanda suka so shi sosai har suka ja matsakaicin sama duk da masu kushe, kuma irin wannan shi ya fi cancanta in tsaya in karanta me aka yi saɓani a kai. Idan duka sun haura 85 da sharhi masu yawa, da wuya fim ɗin ya zama maras inganci, ko da bai dace da ra'ayina ba.

Yawan sharhin shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami a kwanakin farko. Sharhi 20, 18 sun yaba, kashi 90 ke nan. Huɗu kacal su ƙaru da kushe, ya koma 18 cikin 24, wato 75. Kuma waɗanda suka fara rubutu ba su wakilci sauran ba. Yawanci masu halartar bukukuwan baje kolin finafinai ne, irin na Sundance a Janairu, na birnin Kan na Faransa a Mayu, Benis da Toronto wajen Satumba, inda ake kallo cikin shauƙi da 'yan wasan a zaune a ɗakin. Ko kuma shafukan da dama can masoya irin wannan fim ɗin ne. Abin da na saba gani shi ne makin ya fara da tsayi sannan ya sauko a hankali. Shi kansa Rotten Tomatoes ba ya ba fim mai fita a silimomi masu yawa hatiminsa na Certified Fresh sai ya kai kashi 75 da sharhi aƙalla 80, biyar daga cikinsu na manyan masu sharhi. Wannan 80 ɗin na ɗauka ma'aunina: kafin adadin ya kai nan, lambar ba ta zauna ba. Labarin cewa an tashi tsaye ana tafi na minti kaza a wani biki kuwa, ba na sa shi cikin lissafi ko kaɗan.

Tun kafin maki ya fito akwai alamun da suka fi tallan fim faɗin gaskiya. Kamfanonin shirya finafinai suna nuna wa masu sharhi fim kafin ranar fita, bisa sharaɗin ba za a wallafa komai ba sai ranar da suka tsayar. Takunkumin nan iri biyu ne. Na farko na gajerun ra'ayoyi ne a kafafen sada zumunta, waɗanda ke fitowa bayan nunin farko. Kusan kullum yabo ne, domin waɗanda aka gayyata an zaɓe su ne, kuma layi biyu ba ya ɗaukar hujja. Na biyu shi ne na cikakken sharhi, kuma lokacin ɗage shi nake sa wa ido. Kamfanin da ya bari a yi sharhi mako ɗaya ko biyu kafin fita, ya yarda da kayansa. Wanda ya riƙe har jajibirin ranar, ko dai yana ɓoye wani sirri na labarin, ko yana tsoron abin da za a ce. Wanda bai nuna wa masu sharhi ba sam, galibi ya riga ya san sakamakon.

Tallan fim ba na ɗora masa nauyi. Yawanci wasu kamfanoni ne na daban, waɗanda sana'arsu ke nan, suke haɗa shi, wani lokaci tun fim ɗin bai kammala ba, har a ga fitowar da ba ta cikin fim ɗin da aka saki. Abin da yake gaya mini shi ne su wa kamfanin yake so ya jawo. Na fi samun haske daga sunan darakta da na marubucin labari: in duba ayyukansu na baya-bayan nan, musamman waɗanda suka yi a irin wannan nau'in. Sunan jarumi yana sayar da tikiti, amma bai cika faɗin yadda labari zai tsaru ba. Ɗage ranar fita ma sai an duba dalili. A 2020 annobar korona ta tura kusan komai gaba, a 2023 kuma yajin aikin marubuta da na 'yan wasa a Amurka ya yi haka. Wannan bai shafi inganci ba. Sake ɗaukar wasu fitowa abu ne da manyan finafinai suke warewa kuɗi tun farko. Abin da ke sa in rage buri shi ne a canza darakta ana tsakiyar aiki, ko a yi ta ɗage rana sau da yawa ba tare da wani dalili na fili ba.

Makin 'yan kallo ya fi na masu sharhi wuyar karantawa, domin a yawancin shafuka duk wanda ya ga dama yana iya jefa ƙuri'a, ko ya kalla ko bai kalla ba. A IMDb ana bayarwa daga 1 zuwa 10, kuma lambar da ake nunawa matsakaici ne da aka tace ta hanyar da shafin bai bayyana ba. A kwanakin farko masoyan da suka ƙagu ne suke cika shi, shi ya sa 8 da ɗoriya a makon farko kan sauko idan sauran jama'a suka iso. Shafin da kansa ba ya sa fim cikin jerinsa na 250 mafiya maki sai ya tara ƙuri'a 25,000. Abin da nake buɗewa shi ne jadawalin da ke nuna yadda ƙuri'un suka rarrabu. Fim na yau da kullum yana yin tozo guda a wajen 6, 7 ko 8, ya gangara ta gefe biyu. Idan na ga tulin 10 da tulin 1, tsakiya kuma wayam, to rigima ake yi a kan wani abu da ke wajen fim ɗin, siyasa ko wani ɗan wasa ko canjin da aka yi wa tsohon labari. A irin wannan nakan rufe ido ga 1 da 10, in dubi inda sauran suka taru. Letterboxd, wani shafin da 'yan kallo ke ba da maki, shi ma yana nuna irin wannan jadawali, daga rabin tauraro zuwa biyar, sai dai jama'arsa sun fi karkata ga masu bin fim a matsayin fasaha. Matsalar taron dangi a kan fim ce ta sa Rotten Tomatoes a 2019 ya hana rubuta ra'ayi kafin fim ya fita, ya kuma ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti.

CinemaScore ya bambanta da su duka, kuma ina ba shi muhimmanci fiye da yadda ake ba shi. Kamfani ne a Las Vegas da ke aiki tun ƙarshen shekarun 1970. A daren farko na fita, ma'aikatansa suna raba kati ga masu shiga kallo a wasu biranen Amurka da Kanada, su karɓa a bakin ƙofa bayan an tashi, da maki daga A+ zuwa F. Ba mai iya tara jama'a a intanet ya karkatar da shi. Misali sananne shi ne Star Wars: The Last Jedi na 2017: masu sharhi sun ba shi sama da kashi 90 a Rotten Tomatoes, makin 'yan kallo a shafin ya faɗi ƙasa da 50, amma waɗanda aka tambaya a bakin ƙofa sun ba shi A. Sai dai a san abin da yake aunawa: ko fim ya cika alkawarin da tallansa ya ɗauka. Masu zuwa daren farko sun riga sun so fim ɗin tun daga gida, don haka ma'aunin ya karkata sama. Fim na yara ko na jarumai masu ƙarfin ban mamaki ya sami B, gargaɗi ne. Fim mai ban tsoro ya sami B, ya yi ƙoƙari, domin wannan nau'in galibi makinsa yana zama ƙasa. Hereditary na 2018 ya sami D+ a wurinsu duk da yabon da masu sharhi suka yi masa, saboda jama'a sun je neman tsoro na firgita, suka tarar da labari mai tafiya a hankali a kan baƙin cikin iyali. D+ irin wannan yana gaya mini cewa talla da fim sun saɓa, sai in gyara abin da nake tsammani.

Idan ba na gaggawa, ƙarshen mako na biyu yana ƙara haske. Kuɗin tikitin makon farko aikin talla ne. Na biyu aikin bakin mutane ne. Fim ya tara dala miliyan 100 a farko, ya tara 40 a na biyu, ya faɗi da kashi 60. Ga manyan finafinai faɗuwar kashi 50 zuwa 60 ba abin mamaki ba ce, kusan 70 kuwa alama ce cewa waɗanda suka gani ba su tura kowa ba, ƙasa da 40 kuma ana yaba shi a tsakanin jama'a. Ranakun hutu da fitowar wani babban fim suna iya jirkita wannan lissafi, sai a duba kalanda tukuna.

Ba na gwada maki tsakanin nau'i da nau'i. Barkwanci da ban tsoro suna zama ƙasa a IMDb, don haka 6.5 a wurinsu yana iya fin 7 na wani nau'in. Shirye-shirye masu dogon zango suna samun maki sama da finafinai, tunda wanda bai ji daɗi ba ya daina kallo, masoya ne suka rage suna jefa ƙuri'a. Kason da Netflix ya riƙa nunawa bayan ya cire taurari a 2017 hasashe ne na dacewa da abin da mai asusun ya saba kallo, bai shafi inganci ba. Haka alamomin G, PG, PG-13, R da NC-17 na Amurka, ko U, PG, 12A, 15 da 18 na Birtaniya: shekarun mai kallo suke nufi. Wanda zai kalla da iyali ya karanta dalilin da aka rubuta a ƙarƙashin alamar, ko sashen jagoran iyaye na IMDb, domin PG-13 biyu suna iya bambanta ƙwarai.

Abin da ya fi gyara mini zaɓi shi ne rubutawa. Kafin kallo nakan rubuta makin da nake zato, bayan kallo in rubuta nawa tun ban koma na ga na kowa ba, domin lambar da ido ya gani tana jan hukunci. Idan jerin ya yi tsawo, yana nuna nau'in da nake sama da jama'a da wanda nake ƙasa da su, yana kuma nuna masu sharhi biyu ko uku da ra'ayinmu ya saba haɗuwa, da wanda kullum muke hannun riga, shi ma da amfaninsa. Idan alamu suka ci karo, nakan karanta sharhin yabo ɗaya da na kushe ɗaya daga mutanen da suka iya kawo hujja, in tsallake tsakiya inda ake zayyana labari. Na kushen ya fi amfani: idan ƙorafinsa shi ne fim ɗin yana tafiya a hankali, ni kuma wannan bai dame ni ba, zan je in kalla, idan ya ce labarin ya warware a kashi na ƙarshe, kuma mai yabon ma ya taɓo hakan a fakaice, sai in jira ya iso manhajar kallo a gida.