Ƙarfe biyu a Balansiya

A Balansiya, wani birni a Sifaniya, da zarar biyu na rana ta yi, sai ka ji ƙananan kantuna suna sauke ƙofofin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran takalma da mai sayar da littattafai duk sun tafi cin abinci, sai wajen biyar za ka sake ganinsu. Manyan kantuna ba sa rufewa, amma ni waɗannan ƙananan ne suka kwanta mini a rai, domin mai shago bai yarda ciniki ya raba shi da iyalinsa ba.

Baƙi kan ce Sifaniyawa suna makara wajen cin abinci. Agogonsu ne ya yi gaba: a 1940 gwamnatin Franco, mai mulkin ƙasar a lokacin, ta ƙara masa awa guda, har yau ba a mayar ba.

A Balansiya ne asalin paella, wata irin dafa-dukar shinkafa, kuma abincin rana ce, ba ta dare ba. Shinkafar daga fadamun Albufera take, kudu da garin. Ana dafa ta da kaza da zomo da wake a wani kasko mai faɗi, marar zurfi. Da an zuba shinkafar ba a ƙara juyawa, sai an bari ƙasan ya kama ya yi ja. Wannan ƙanzon, da mu kan bar wa yara a gida, shi manya ke rububi da cokali a kansa.

Saboda maganar yanka, ni ta kifi da jatan lande nake ci, kuma sai na tambayi da wane romo aka dafa.