Asabar tsakanin Beatles da Beach Boys

Yau Asabar ban leƙa ko'ina ba, domin tun da hantsi hadari ya haɗo, sai na zauna na saurari faya-fayai uku bi da bi yadda suka fito: Rubber Soul na Beatles, ƙungiyar mawaƙan Liverpool ta Ingila, na watan Disambar 1965, da Pet Sounds na Beach Boys, ƙungiyar mawaƙan Amurka, na watan Mayun 1966, sannan Sgt. Pepper, shi ma na Beatles, na 1967. Na daɗe ina jin ana cewa kowannensu amsa ne ga wanda ya gabace shi.

Na tsakiyar ne ya cinye mini wuni. Brian Wilson, jagoran Beach Boys, ya daina bin 'yan'uwansa yawon wasa tun ƙarshen 1964, ya tare a ɗakunan naɗar kiɗa na Los Angeles tare da makaɗan haya, kuma da ya ji abin da samarin Liverpool suka yi a Rubber Soul, faifai guda wanda a ganinsa babu waƙar cike gurbi a cikinsa, sai ya ɗaura ɗamarar wuce su. Da na ƙara murya na ji ƙararrawar keke a cikin kiɗan, a ƙarshe kuma ga haushin karnuka da wucewar jirgin ƙasa. Abin mamakin shi ne mutumin da ya tsara wannan duka da kunne ɗaya yake ji.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu zambo ko habaici irin na makaɗan fada a wannan gasar. Paul McCartney na Beatles bai taɓa ɓoye cewa Pet Sounds ya girgiza shi ba, har a yadda yake kaɗa jitar bas ɗinsa, kuma bayan la'asar da na kunna Sgt. Pepper na ji hakan da kunnena.

Sai dai a ganina nauyin bai zo daidai ba. Beatles su huɗu ne, ga George Martin, mai shirya musu faya-fayai, yana dafa musu, shi kuwa Wilson kusan shi kaɗai ya ɗauki kayan. Faifansa Pet Sounds ya tsaya a na 10 a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, alhali a Ingila ya kai na 2. Smile, faifan da ya so ya yi raddi da shi, ya watse a 1967 a daidai lokacin da lafiyar ƙwaƙwalwarsa take ƙara taɓarɓarewa, bai kammala shi ba sai a 2004. Shi ne na ajiye wa gobe in Allah Ya kai mu, saboda cajin wayata ya ƙare kafin magariba.