Mai Haɗa Tagogi da Tambayar Hunturu: A Buɗe ko a Rufe?

Sana'ata haɗa tagogi da ƙofofi na alminiyam da gilashi ce, kuma ina da ƙaramin shago a Kano inda nake aiki tare da yarana, wasu sun ƙware, wasu kuma suna kan koyo. Mukan je wurin gini mu yi awo, mu dawo shago mu yanka sandunan alminiyam da gilashi, mu haɗa firam, mu sa roba da taya da raga, sannan mu koma mu kafa. Kowane lokaci na shekara da irin koken da yake kawo mana. Da damina ana kiranmu saboda ruwan da ke kwararowa ta ƙasan firam, da bazara kuma saboda ragar da ta yage sauro yana shiga. Amma da zarar watan Nuwamba ya yi nisa, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai buƙatar mutane ta zama guda ɗaya: a zo a toshe musu duk wata kafa da iska za ta iya bi ta shiga ɗaki.

Ba na ganin laifin mai wannan buƙata. Ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta har zuwa ƙasashenmu, ba ta barin komai. Uwargida za ta share ɗaki da safe, kafin azahar ta rubuta sunanta da yatsa a kan tebur. Ga mura da tari, ga masu ciwon asma da ke shan wahala, ga jarirai da tsofaffi da ɗari ke gigitawa da asuba. Saboda haka idan Alhaji ya ce mini, "Malam, ina so ka rufe mini tagogin nan ruf, ko allura kada ta wuce," na san abin da yake gudu. Abin da nakan amsa masa shi ne, "Ranka ya daɗe, zan yi maka taga mai rufuwa da kyau, amma da sharaɗin za a riƙa buɗe ta kullum." Taga mai kyau ita ce wadda idan an rufe ta ta rufu, idan an buɗe ta ta buɗu sosai, kuma mai ɗaki ne ke zaɓar lokacin kowanne.

Idan na shiga wasu ɗakunan a watan Janairu don gyara, abin da nake tararwa yakan tayar mini da hankali. An cusa tsumma da tsohuwar jarida a hanyar da taya ke bi, an bi gefen gilashi da salatif, an rataya bargo a bayan labule, har ƙananan ramukan da muke hudawa a ƙasan firam domin ruwan sama ya fita an cike su da silikon. Tun daga bakin ƙofa za ka ji iskar ɗakin ta yi nauyi, warin kwana ya gauraya da na turaren wuta da na maganin sauro da aka kunna da dare. Masu ɗakin ba sa jin wannan, domin hanci yakan saba da abin da ya daɗe a cikinsa. Su dai sun san suna tashi da ciwon kai da kasala, sai su ɗora wa sanyi laifi, su ƙara toshewa. Ramukan nan da aka cike kuwa, idan damina ta zo su ne sanadin ruwan da zai taru a firam ya gangaro bango.

Mutum yana barci yana fitar da iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa. A waje, wannan iska ba ta wuce kimanin kashi 420 cikin miliyan ba, amma a rufaffen ɗakin da mutane da yawa suka kwana tana iya ninka haka sau da dama kafin gari ya waye. Ita kanta ba ita ce babbar barazana ba, sai dai alama ce ta cewa numfashin da wani ya fitar shi wani ke shaƙa, kuma ta wannan hanya ce tarin fuka da mura da ƙyanda ke yaɗuwa. Mu da ke zaune a yankin da ake kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal ya kai Habasha, muna da dalilin kula da wannan fiye da kowa. Cutar takan tashi ne a lokacin rani, sa'ad da busasshiyar iska da ƙura suka raunana hanci da maƙogwaro, kuma cunkoso a ɗaki mara iska yana taimaka mata. Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba za su manta da annobar da ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya ba, ta kashe fiye da 11,000, Kano na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Allurar rigakafi ce babban makami, babu shakka, amma likitoci ba su daina jan kunne a kan cunkoso da rufe ɗaki ba.

Abin da ya fi duk wannan haɗari shi ne wuta a cikin rufaffen ɗaki. Al'adarmu ce idan ɗari ya tsananta a hura gawayi a kasko a shigar da shi ɗaki, musamman ɗakin mai jego ko na tsohuwa. Gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, wanda kuwa yake barci ba zai ma farga ba. Garwashin da ya yi ja, hayaƙinsa ya ɗauke, mutane suke ɗauka ya zama lafiya, alhali yana nan yana fitar da gubar. Haka janareto yake, kuma kusan kowace shekara sai jaridu sun kawo labarin iyalin da aka wayi gari an same su babu rai saboda an kunna inji a baranda ko a lungun gida don gudun ɓarayi. Hukumomin lafiya a Amurka suna cewa a nesanta janareto da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, wato kusan mita 6. A nan ina so a fahimce ni da kyau: buɗe taga kaɗan ba ya mayar da kaskon gawayi ko janareto abin kwana da shi. A fitar da kasko waje kafin a kwanta, a ƙara bargo da rigar sanyi. Wanda ya rufe ɗaki da garwashi don tsoron ɗari, gudun gara ya yi ya faɗa wa zago.

Akwai abin da ya canja a gininmu wanda ya sa wannan magana ta fi zama dole a yau fiye da zamanin kakanninmu. Ɗakin ƙasa na da, mai kaurin bango da rufin azara, tagarsa ƙarama ce a can sama, amma ƙofarsa a buɗe take yini guda da labule ko asabari, girki da wanki da hira duk a tsakar gida ake yi, ƙyauren ma ba ya kama bango ya rufu tsaf. Ginin yanzu kuwa bulo ne da siminti, da tayil a ƙasa da silin a sama, da kicin da banɗaki a cikin ɗaki, ga ƙofar ƙarfe, ga tagoginmu masu roba. Filaye sun yi tsada, ana gini bango da bango, har ka ga ɗakin haya mai taga ɗaya tak wadda take kallon katangar maƙwabci a tazarar kamu biyu. A irin wannan gini, iskar da ba a buɗe mata hanya da hannu ba, ba za ta shigo da kanta ba.

A nan ne nake yawan jayayya da masu gini a kan irin tagar da za a sa. Taga mai zamewa, wadda muke kira silaidin, ita aka fi nema domin ta fi araha kuma ba ta cin wuri, amma komai girmanta rabinta kawai ke buɗuwa. Dokokin gini na wasu ƙasashe, kamar Ingila, sun tanadi cewa wurin da ke buɗuwa a tagogin ɗakin zama ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin daɓen ɗakin. Mu ɗauki ɗakin da muka saba da shi, ƙafa 12 a tsaye da 12 a kwance: faɗinsa murabba'in ƙafa 144 ne, kashi ɗaya cikin ashirin ɗinsa ya ɗan haura 7. Taga mai ƙafa 4 da 4 murabba'in ƙafa 16 ce, idan silaidin ce 8 suka rage, kafin a cire kaurin firam, kafin raga da ƙarafan tsaro su ci nasu rabon. Ke nan silaidin guda ɗaya da ƙyar take isar irin wannan ɗaki. Taga mai buɗuwa kamar ƙofa tana ba da kusan dukkan faɗinta, wadda kuma ake turawa waje daga ƙasa tana da amfanin a bar ta a buɗe ko ana yayyafi. Tsohuwar luba, wato taga mai jerin falankan gilashi da ake karkatawa, da aka raina, duk da ƙurar da take bari ta shiga, babu wadda ta kai ta ba da iska. Shawarar da nake ba duk wanda ya kira ni tun gini bai kai linta ba ita ce a bar wa kowane ɗaki tagogi biyu a bango daban-daban, ko da ɗayar ƙarama ce a sama, domin iska tana son mashiga da mafita, mai zafi kuma sama take hawa.

Masu sana'a irin tamu a Jamus sun daɗe da warware wannan, domin tagarsu da hannu ɗaya ake juya ta, ko ta karkato kaɗan daga sama ko ta buɗu gaba ɗaya. A can, duk da ƙanƙarar da ke sauka, al'ada ce a buɗe tagogi warwar na minti 5 zuwa 10 da safe da yamma sannan a rufe, kuma a 2020, lokacin annobar korona, gwamnatinsu ta sa shigar da iska cikin manyan ƙa'idojin kariya, makarantu kuma aka shawarce su da buɗe tagogin aji duk bayan minti 20. Dalilin da ya sa ba sa tsoron sanyi ya mamaye ɗaki shi ne ɗumin ɗaki a bango da daɓe da kayan ɗaki yake ajiye, iska kaɗan take riƙewa. Idan an sauya iskar cikin ɗan lokaci aka rufe, ɗumin yakan dawo da sauri. Idan hakan ya yiwu a ƙasar ƙanƙara, ba zai gagara a Kano ko Jos ko Damagaram ba.

Bambancinmu da su shi ne ƙura, don haka namu buɗewar sai da lura da lokaci da kuma ɓangare. Ba na ba da shawarar a buɗe da sassafe, lokacin da ɗari yake da ƙarfi kuma hayaƙin murhu da na bola yake kwance a kan unguwa, haka ma bayan magariba da sauro ke fitowa. Da hantsi, idan rana ta ɗaga, a fito da yara da tsofaffi su sha hantsi, a buɗe ƙofa da tagogi na kamar minti goma zuwa sha biyar, a kakkaɓe shimfiɗa, a shanya bargo. Tunda iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, tagogin da ke kallon kudu da yamma su za a buɗe sosai, na ɓangaren iska kuma a ɗan zame su kaɗan. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango nesa, irin ranakun da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, kan fitar da gargaɗi, a taƙaita lokacin, mai asma kuma ya kauce har a rufe. Bayan an rufe, a goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya da ke mayar da ita sama. Kicin kuwa, ko gas ake amfani da shi ko risho, tagarsa a buɗe ya kamata ta kasance duk lokacin da wuta ke ci, banɗaki ma haka bayan wanka da ruwan zafi. Masu na'urar sanyaya ɗaki su sani cewa irin wadda ake kafawa a bango iskar cikin ɗakin take juyawa, ba ta jawo sabuwa daga waje, don haka su ma buɗewar ta hau kansu.

Na lura cewa sau da yawa ba ƙin buɗewa ke hana mutane ba, tagar ce ta ƙi motsi. Ƙura takan cika hanyar taya ta daskare, tayar ta cije, Hajiya ta ja da ƙarfi har gilashi ya nemi fita daga roba, daga nan sai a haƙura a bar ta a rufe har bazara. Saboda haka duk gidan da muka kammala aiki, kafin a biya ni cikon kuɗi sai na tara mutanen gida na nuna musu yadda ake share hanyar da tsohon burushin goge baki, da yadda ake cire raga a wanke ta da ruwa da sabulu, domin ragar da ƙura ta toshe ba ta barin iska ta wuce ko da gilashi a buɗe yake. Nakan kuma hana su zuba man gyaɗa ko baƙin mai a kan taya, saboda mai yana kama ƙura ya zama taɓo. Idan tayar ta riga ta cinye, a kira mu ko wani mai sana'ar a canja ta tun kafin hunturu ya shigo. Kuɗinta kaɗan ne, kuma aikin ba ya ɗaukar lokaci.