Buhunan gyaɗa da mai makaranta

Ƙarshen zangon nan na ajiye aiki a makarantar da nake koyarwa a Agege. Tunda abokan aiki sun dame ni da tambayar dalili, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Kun san harabarmu, siminti ne tun daga bakin ƙofa har bayan ajujuwa. Yawancin 'yan aji huɗu da ke hannuna 'ya'yan mutanenmu ne, masu goro da dillalan shanun mayankar Oko-Oba, amma haihuwar Legas. Na tambaye su a ina gyaɗa take yin 'ya'ya, kusan duk suka ce a reshe. Jikokin manoman Kano da Katsina fa! Sun haddace sassan tsiro da Turanci, amma ba wanda ya taɓa tona rami ya sa iri.

Sai na samo tsofaffin buhunan shinkafa muka cika da ƙasa, wani uba ya aiko mana da taki daga kara, muka jera su a gindin katanga. Gyaɗa, wake, alayyahu. Wake bai cika mako ba ya tsiro, aji ya kaure da ihu. Akwai wata yarinya da karatu ke yi wa wuya ƙwarai, ita ta fara lura cewa idan furen gyaɗa ya yanƙwane, wani siririn tsinke ne ke fitowa ya sunkuya ya nutse cikin ƙasa. Kullum da safe tana tsugune da rula tana awo tana rubutawa. Santimitar da muka yi ta fama da ita a kan allo, a gindin buhu ta zauna mata.

Wata uwa ta kawo ƙara cewa ɗanta yana komawa gida da taɓo a riga. Mai makaranta bai kira ni ofis ba, a gaban malamai ya tsare ni, wai iyaye ba su biya kuɗi don a mayar musu da 'ya'ya manoma ba, in koma aji in shirya su jarrabawa. Na ce ranka ya daɗe, darasin yana cikin manhajar kimiyya. Ko kallona bai yi ba. Ya sa aka ɗauki hoton yaran a jikin buhunan, aka sa a Facebook a matsayin ci gaban makaranta, sannan ya sa maigadi ya zubar da su, saura makonni kaɗan a cire gyaɗar. Yanzu motarsa ke kwana a wurin.

A zangon nan kuma mai makarantar ya raba takardar biyan kuɗin ziyara zuwa gandun dajin Lekki. Ba na kushe wurin. Tun 1990 Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa shi, hekta 78 na daji da fadama, ga birai, ga gadar sama mai tsawon mita 401. Amma daga Agege zuwa can, cunkoso ya gama cinye safiya, yara sun isa a galabaice, an zaga da su a gurguje, an yi hoto, an juyo. Tsiro kuwa sai an duba shi yau, an dawo gobe an ga abin da ya sauya. Laifin lambun nawa ɗaya ne, ba a yanka masa rasit.

Wanda zai gwada irin wannan, ya fara shawo kan iyaye, kuma yara su zo da tsohuwar riga. Ya rubuta komai cikin tsarin darasi, shugaba ya sa hannu, don baki yana musu. A yi shuka da ruwan Afrilu, a huda gindin buhu kada ruwa ya kwanta ya tara sauro. Ranar 14 ga Yuli ta dashen bishiya ce a jihar Legas, ku fake da ita, shugabanni ba sa son a ce sun ƙi abin gwamnati. Hoto kuma ku ɗauka da wayarku tun ranar farko, ku tabbata kuna ciki.