Kwatar ƙofar gidanmu

Asabar, Birnin Kebbi.

Tun da asuba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya ƙi sauka. Kafin mu karya kumallo Inna ta tattara takardun gida da na makarantar yara ta ƙulle a leda biyu, ta ɗora saman kabad. Buhun shinkafa kuma muka ɗaga shi kan bulo huɗu. Tun ambaliyar 2020, da ta cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan har da ta kawuna, ba ta ƙara sakin jiki da watan Agusta ba.

A teburin mai shayi rediyo na karanta gargaɗin hukumar hasashen yanayi, NiMet, hira kuwa duk ta gulbi ce. Wannan ya ce za a saki ruwa daga madatsar Goronyo, wancan ya tuno abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a 2024. Ba ƙarya suka yi ba, in an saki ruwan Gulbin Rima ke kawo shi, Argungu ta sha kafin mu. Amma mu nan kan tudu muke. Ruwan da ya shigo mana ɗaki bara daga kwatar ƙofar gida ya taso.

Na faɗa musu haka. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, ruwa na Allah ne, in ya zo ba mai tare shi." Na ce, "Haka ne Baba, amma ledar fiya wata tamu ce." Aka bushe da dariya, shi ma ya yi.

Mutum huɗu kawai suka biyo ni yasar kwatar. Shebur biyu, manjagara ɗaya, baro na aro. Abin da muka zaƙulo sai wanda ya gani: leda, robobin lemo, warin silifa, guntun katifa, da baƙin taɓo mai warin da har yanzu nake ji a farcena. Da muka kai inda maƙwabcinmu ya rufe kwatar da siminti ya dasa shago, sai ya ce kada mu taɓa masa.

Bayan la'asar aka kece da ruwa. Ina zaure ina kallo, ruwan ya bi kwata sumul har bakin shagon, nan ya yi ta juyi da leda a kansa, sannan ya juyo wajenmu. Buhunan yashi biyu da na jera a bakin ƙofa suka tare shi, saura kamar yatsa uku ya haura.

Inna ta ce gobe da kanta za ta shiga wurin matar mai shagon.